Kafin ku bari a ƙona muku tawadar Allah

Da wuya a sami baligin da babu ɗigon baƙi ko ɗaya a jikinsa, ko a kumatu, ko a wuya, ko a inda tufafi ke rufewa, kuma mafi yawan waɗannan ɗigogi da muke kira tawadar Allah suna zaune da mutum tun ƙuruciya har tsufa ba tare da sun yi masa komai ba. Iyayenmu ba su ɗauke su abin damuwa ba, wasu ma ado suke ganin su. Abin da ya sauya a zamaninku shi ne wayar hannu, wadda ke jawo fuska kusa har mutum ya ga abin da madubi bai taɓa nuna masa ba, sa'annan a cikin wayar dai masu talla ke jiransa da ruwan shafawa da 'yar na'urar ƙonawa, suna alkawarin share ɗigon cikin 'yan kwanaki. Ƙannena maza da mata, ba hana ku cirewa zan yi ba, domin ƙaramin aiki ne idan aka yi shi a inda ya dace. Abu biyu nake roƙo: a duba kafin a taɓa, kuma abin da aka cire kada a zubar da shi.

Dalilin dubawar shi ne ba duk baƙin da ya fito a fata ba ne abu ɗaya, ko da yake suna ɗaya muke ba su. Tawadar Allah ta ainihi taruwa ce ta ƙwayoyin da ke ba fata launinta, suka cure a wuri guda. Wata a shafe take, wata ta ɗan taso, wata har gashi ke tsirowa a kanta. Yawanci suna bayyana ne daga yarinta zuwa samartaka, suna iya ƙara duhu a lokacin balaga ko juna biyu, kuma ba a cika samun sabuwa ba idan mutum ya haura shekara 40. Akwai kuma ƙananan tsiron nan baƙaƙe da ke fesowa a kumatu da gefen ido, waɗanda suka fi yawa a baƙar fata, ana gadon su, suna ƙaruwa da shekaru, kuma ba su da wata illa. Akwai 'yan tsoka masu lilo a wuya da hamata, da suka fi fitowa ga masu ƙiba da masu ciwon suga. Sai kuma wanda ake tsoro, wato sankarar fata da likitoci ke kira melanoma, wadda a farkon fitowarta takan yi kama da tawadar Allah sak. Likitan fata kansa ba ya dogara da ido kawai, sai ya ɗora wata 'yar fitila mai gilashin ƙara girma a kan wurin, kuma idan ya yi shakka gwaji ne ke raba gardama.

Ni ban san wannan bambanci ba a lokacin da ake shirin aurena. Ina da ɗigo a ƙasan ƙashin wuya, daidai inda sarƙa ke sauka, wanda bai fi ƙwayar dawa girma ba. Mai gyaran jiki tana cikin murza mini dilka sai ta tsaya a kansa ta ce, "Amarya, wannan ai zai ɓata miki hoto, bari in ɗauke miki shi." Ta ɗauko wata 'yar kwalba mara rubutu, ta tsoma tsinken ashana a ciki, ta ɗiga mini. Wurin ya ɗauki raɗaɗi nan take, fatar ta yi fari, da na ce mata, "Anti, yana ci na fa," sai ta ce in daure, zafin shi ne aikin. Ban tambayi abin da ke cikin kwalbar ba, ban kuma shaida wa mahaifiyata ba, domin tun ina yarinya take ce mini in bar shi. Wurin ya yi ɓawo, ya ɗuri ruwa, ya ƙi warkewa har biki ya zo, sai da tela ya sake ɗinkin wuyan riguna domin a rufe shi. Bayan ya warke na ɗauka magana ta ƙare, ashe farawa ta yi. Cikin 'yan watanni tabon ya fara tasowa, ya yi tauri da sheƙi, ya ƙetare iyakar raunin ya ci fatar da ba a taɓa ba, ga ƙaiƙayi ga suka, musamman idan na yi gumi ko tufafi ya goge shi.

Irin wannan tabo mai tudu, wanda likitoci ke kira kiloyid, ya kamata duk mai baƙar fata ya san da zamansa kafin ya yarda a yi masa rauni saboda kwalliya. Idan fata ta yanke, jiki yakan turo wani sinadari da yake ɗinke wurin da shi, ya tsaya idan rauni ya haɗe. A jikin wasu mutane aikin ba ya tsayawa, sai tabon ya ci gaba da tarawa wata da watanni, wani lokaci shekaru. Ya fi samun baƙar fata, ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30, wato daidai shekarunku, kuma yana bin dangi. Yana da wuraren da ya fi so: ƙirji, kafaɗu, saman baya, leɓatun kunne da gefen muƙamuƙi. Alamunsa ma a gida ake ganin su idan an lura. Wadda hujin kunnenta ya yi ƙulli, da wanda tsagar wanzami ko tabon allurar rigakafi ya tasar masa, da saurayin da ƙurajen aski suka bar masa tudu a ƙeya, duk jikinsu ya riga ya yi musu gargaɗi. Kunnen yayata haka yake tun muna yara, amma ban taɓa danganta shi da kaina ba.

Maganinsa kuwa na haƙuri ne. Allura ake yi a cikin tabon kansa, yawanci bayan mako 4 zuwa 6 a sake, kuma allura ce mai zafi saboda taurin wurin. Tana rage tudun, tana kwantar da ƙaiƙayin, amma ba ta mayar da fata yadda take a da. Ana kuma liƙa wani fallen silikon a kai na tsawon watanni. Abin da mutane suka fi roƙo, wato a yanke shi a huta, shi ne likitoci suka fi ɗari-ɗari da shi, domin yanka sabon rauni ne, kuma idan ba a haɗa da wani magani ba sau da yawa tabon yakan dawo, wani lokaci ya fi na farko girma. Abin da na kashe a kan allurai ya ninka abin da zan biya a asibiti tun farko, ga shi garin gyaran gira an taɓa ido.

Duk da haka, ba tabon ne ya fi tsaya mini a rai ba, sai tambayar da likitan fata ya yi mini a ranar farko. Ya duba wurin ya ce, "Malama, abin da aka cire, an kai shi gwaji?" Na ce ba cire shi aka yi ba, ƙona shi aka yi. Ya bayyana mini cewa bisa yadda na kwatanta shi, da kuma daɗewarsa a jikina bai sauya ba, alamu sun nuna mara illa ne, amma babu wanda zai iya tabbatarwa yanzu, domin abin da za a auna ya riga ya ƙone. A nan babban haɗarin yake. Tun 1970 wani likita a Amurka mai suna Alexander Breslow ya nuna cewa zurfin da melanoma ta yi a cikin fata, wanda ake aunawa da milimita a ƙarƙashin madubin gwaji, shi ne ya fi nuna yadda makomar mara lafiya za ta kasance. Wadda ba ta kai milimita 1 ba yawanci tiyata kaɗai ke warkar da ita, wadda ta wuce milimita 4 kuwa al'amari ne babba. Ruwan ƙuna yana cinye saman ne kawai, ya bar abin da ya nutse, sai fata ta rufe a kai, mutum ya yi murna ɗigo ya tafi alhali cutar na ci gaba a ɓoye. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta yi gargaɗi a 2022 cewa babu maganin cire tawadar Allah da ake sayarwa a kanti ko a intanet wanda ta amince da shi, kuma irinsu ne ke shigo mana a kwalabe masu kyan gani.

Alamun da ya kamata su kai mutum asibiti ba su da wuyar riƙewa. Idan rabin ɗigon bai yi kama da ɗaya rabin ba, ko gefensa ya yi zigi-zigi maimakon ya zagaye sumul, ko launinsa ya gauraya da baƙi da ja da toka-toka, ko faɗinsa ya wuce milimita 6, to a nuna wa likita. Wadda ta fi duka muhimmanci ita ce sauyi: ɗigon da yake girma, ko ya fara ƙaiƙayi, ko zubar jini ba tare da an bige shi ba, ko sabo fil da ya fito wa wanda ya manyanta. Wayar nan da ta jawo damuwar tana da amfani a nan, domin idan aka ɗauki hoton wurin da rula a gefensa, bayan wata 3 a sake ɗauka, za a ga abin da ido ba ya lura da shi kullum. Ku kuma sani cewa kusan kashi 70 cikin 100 na melanoma a kan lafiyayyar fata take tsirowa, ba a kan tsohuwar tawadar Allah ba, saboda haka share duk ɗigogin jiki ba kariya ba ce.

Mu baƙar fata wannan sankara ba ta yawaita a cikinmu kamar yadda take ga Turawa ba, amma idan ta zo takan zaɓi inda ba ma dubawa, wato tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, kuma wannan nau'in ba rana ce ke kawo shi ba. Shi ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, bayan an gano shi a 1977 a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, wurin da aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne. A wurinmu ma haka take shigewa. Baƙin tabo ya fito a diddigen dattijo, a ce ƙaya ce ko faso, idan ya zama gyambo a ce taka wani abu ya yi, a yi ta jiƙe-jiƙe da ɗaure-ɗaure, ba a isa asibiti ba sai kaluluwa ta fito a matsematsi. Baƙin layi a farce kuwa da yawa daga cikinmu suna da shi kuma ba cuta ba ne. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya fito a farce guda, yana faɗaɗa, ko baƙin ya malala zuwa fatar da ke gefen farcen. Tun da kullum muna wanke ƙafa wajen alwala, duba tafinta ba zai ci lokaci ba, kuma iyaye da kakanni waɗanda sunkuyawa ke yi musu wuya ku ne za ku duba musu. 'Yan'uwanmu zabiya nasu hukuncin daban ne, domin su rana ce ke jawo musu sankarar fata, kuma duk wani ƙurji ko kirci da ya ƙi warkewa a fuska ko wuya ko kunne bai kamata a jinkirta da shi ba.

Idan aka je asibiti aikin ba ya daɗewa. Ana yin allurar kashe wurin, sa'annan idan ɗigon ya taso kuma likita ya gamsu ba shi da illa, sai a shafce shi daidai da fata. Idan akwai shakka kuwa sai a yanke shi gaba ɗaya har ƙasa, tare da ɗan gefen lafiyayyar fata, a ɗinke. Zaren fuska akan cire shi cikin kwana 5 zuwa 7, na sauran jiki kuma kwana 10 zuwa 14. Naman da aka cire ana sa shi a kwalbar magani a aika ɗakin gwaji, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen da ke wannan aiki. Kafin a fara, ku gaya wa likita idan akwai mai tabo mai tudu a gidanku, domin yana iya ba ku shawarar barin ɗigon ƙirji ko kafaɗa idan kwalliya ce kawai dalili, kuma shawara ce da ta cancanci a saurara. Wanzami yana da martabarsa da sana'arsa, amma askarsa ba ta bambance mara illa da mai illa, kuma askar da ta ratsa jikin mutane da yawa hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta. Ɗaure ɗigo da zare har ya faɗi shi ma gindin yake bari, ga ruɓewa.

Bayan aiki, wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, shafa basilin da rufewa sun isa. Toka da man goge baki da garin kafso babu abin da suke ƙarawa sai matsala. A kare sabon tabo daga rana, domin a fatarmu yakan yi duhu ya daɗe bai washe ba. Mai shafa man bilicin kada kunya ta hana ta faɗa wa likita, saboda da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya hana rauni haɗewa da wuri. Sa'annan ku koma ku karɓi sakamakon gwajin ko da wurin ya warke sumul, domin mutane da yawa daga cire zare ba a sake ganin su. Idan takardar ta nuna babu komai, ku ajiye kwafinta. Idan kuwa ta nuna sankara, akwai tiyata ta biyu da ake faɗaɗa yankan domin a kwashe abin da ya saura, wani lokaci har a duba kaluluwar da ke kusa, kuma ana so a yi ta cikin 'yan makonni bayan fitowar sakamakon.