Lissafin da Ke Ɓoye a Tsakiyar Teburin Dayis

Ƙannena, caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana, kuma kun sani. Duk da haka teburin dayis da a da sai mutum ya je Las Vegas ko Makawo zai gan shi, yau yana cikin wayar yaron da ko kuɗin makaranta bai gama biya ba. Mu da muka riga ku kai hannu, abin da ya fi cin mu shi ne zuba kuɗi ba tare da mun ƙirga komai ba. Don haka ƙirga za mu yi.

Wasan da Amurkawa ke kira kiraps da dayis biyu ake yin sa, irin na ludo, kowanne mai fuska shida. Shida sau shida, hanya 36 ke nan da za su iya faɗuwa. Bakwai na fitowa ta hanya 6. Shida da takwas, hanya 5 kowanne. Biyar da tara, 4. Huɗu da goma, 3. Uku da sha ɗaya, 2. Biyu da sha biyu, hanya ɗaya tak. Wanda ya haddace wannan zai iya auna kusan kowane zubi da ke kan teburin ba tare da ya tambayi kowa ba.

Babban zubin shi ne wanda ke gefen tebur: a jifar farko bakwai ko sha ɗaya ci ne, biyu, uku ko sha biyu faɗuwa, in kuma wata lamba ce ta fito, sai ta sake fitowa kafin bakwai za ka ci. Gida, wato masu teburin, na cin kashi 1.41 cikin ɗari a kansa. Wato in aka daɗe ana yi, a kowace naira 1,000 da ka ajiye, naira 14 ta zama tasu. Ba don wannan ƙaramin kaso mai sanda, wato ma'aikacin da ke tura dayis da sanda, ke ta kirari ba. Kirarinsa na zubin tsakiya ne, waɗannan ƙananan akwatuna masu zanen dayis da manyan lambobi.

Ɗauki mafi muni, zubin cewa jifa mai zuwa bakwai ce. Hanyar ci 6, hanyar faɗuwa 30, don haka da adalci za a yi, ninki 5 za a biya. Ninki 4 ake biya. Ka sa 1,000 sau 36: ka ci sau shida, an ba ka 24,000, ka faɗi sau talatin, 30,000 ta tafi. Giɓin 6,000 a cikin 36,000, kashi 16.67 ke nan, kusan ninki goma sha biyu na abin da ake cire wa mai zubin gefe. Gida ba ya buƙatar murɗe dayis. Mudunsa ne aka buga wa gindi, ana auna maka a gabanka kana kallo, kuma bai taɓa cika ba.

Sauran duk haka suke. Biyu ko sha biyu ya kamata a biya ninki 35, ana biyan 30, kashi 13.89. Uku ko sha ɗaya ya kamata 17, ana biyan 15, kashi 11.11. Wanda ya haɗa biyu da uku da sha biyu a zubi guda ana ba shi ninki 7 maimakon 8, shi ma 11.11.

A nan akwai tarkon rubutu da ya kamata ku buɗe ido a kai. Wani tebur idan ya ce 30, yana nufin za a ba ka ninki 30 sannan a mayar maka da uwar kuɗinka. Wani kuma 30 ɗin har da uwar kuɗin a ciki, wato ribar ninki 29 ce. A Turance bambancin ƙaramar kalma ɗaya ce tsakanin lambobin biyu, amma tana ɗaga kason gida daga 13.89 zuwa 16.67. A waya, sai ka buɗe shafin ƙa'idojin wasan kafin ka gane wanne ne, kuma ba kowa ke buɗewa ba.

Zubin tagwaye ya fi yaudara don ba ya mutuwa a jifa ɗaya, sai mutum ya ga kamar kuɗinsa na nan da rai. Ka ce takwas za ta fito a matsayin huɗu da huɗu. Hanyar ci ɗaya ce. Bakwai za ta kashe ka ta hanya 6, takwas da ba tagwaye ba, kamar biyar da uku ko shida da biyu, za ta kashe ka ta hanya 4. Goma a kan ɗaya, amma ninki 9 ake biya: kashi 9.09. Huɗu a matsayin biyu da biyu, da goma a matsayin biyar da biyar, takwas a kan ɗaya, ana biyan 7: kashi 11.11.

Wanda ya fi kama sababbi shi ne dogon akwatin nan da aka jera wa lambobi bakwai: 2, 3, 4, 9, 10, 11, 12. Lambobin da dayis biyu ke iya bayarwa goma sha ɗaya ne, an ba ka bakwai, gida ya riƙe huɗu, ai sai ka ce garaɓasa. Ƙirga hanyoyi. Bakwai ɗinka hanya 16 ce. Huɗun gida, wato 5, 6, 7 da 8, hanya 20 ce. Ninkin da ake yi wa biyu da sha biyu yana rage giɓin zuwa kashi 5.56, in kuma sha biyu na biyan ninki uku ya sauko 2.78. Irin wannan ruɗin ya girme mu duka. Tun a 1654 a Faransa wani ɗan caca, Chevalier de Méré, ya kai wa masanin lissafi Blaise Pascal tambayoyinsa na dayis, kuma wasiƙun da Pascal ya yi musaya da Pierre de Fermat a wannan shekarar su ne tushen ilimin lissafin yiwuwa. Ɗaya daga cikin tambayoyin: samun shida a jifa 4 da dayis ɗaya ya fi rabi, kashi 51.8, amma samun shida biyu a jifa 24 da dayis biyu bai kai rabi ba, 49.1. Ido na ganin su ɗaya ne.

Sai sababbin zubi masu alƙawarin arziki. Fire Bet na biyan kusan ninki dubu idan mai jifa ya ci dukan lambobi shida, 4, 5, 6, 8, 9, 10, kafin bakwai ta fitar da shi. Hakan na faruwa kusan sau ɗaya a cikin 6,150, kuma a tsarin biyan da aka fi sani gida na cin kashi 20.8. Akwai na neman 2, 3, 4, 5 da 6 su fito duka kafin bakwai. Damarsa kashi 2.6 ce. Inda ake biyan ninki 34, kason gida 7.76 ne. Inda aka rage zuwa 30, ya haura 18.3. Zanen tebur iri ɗaya, suna iri ɗaya. Sikbo na Sinawa, mai dayis uku da hanya 216, haka yake: zubin cewa jimillar za ta zama babba ko ƙarama kashi 2.78, amma cewa ukun za su fito da lamba ɗaya da ka zaɓa, 16.2 idan ana biyan 180, ya kai 30 idan 150 ake biya.

Abin da kason kansa ba ya nunawa shi ne gudu. Zubin gefe yakan ɗauki jifa uku da 'yan kai kafin a san makomarsa. Zubin tsakiya na jifa ɗaya kuwa kowace jifa sai an yanke hukunci. A jifa 100, mai sa 1,000 a gefe ya yi zubi wajen 30, asarar da lissafi ya tanadar masa ba ta wuce 420 da ɗoriya ba. Mai sa 1,000 a kan bakwai kowace jifa ya juya 100,000, nasa rabon asarar 16,667. A waya babu jiran ma'aikaci ya tattara dayis ya biya mutane, yatsa kawai kake dannawa.

Dabaru uku ne za a kawo muku, ko ku ƙirƙiro su da kanku cikin dare. Na farko, "bakwai ta daɗe ba ta zo ba." Dayis ba shi da ƙwaƙwalwa, bayan jifa ashirin babu bakwai, damarta tana nan ɗaya cikin shida. Na biyu, kare babban zubi da ƙarami: ka sa 5,000 a gefe, ka ƙara 1,000 a kan biyu da uku da sha biyu wai don kada jifar farko ta kashe ka. Babban zubin kuɗinsa naira 71 ne a lissafi, kariyar naira 111. Ka biya mai gadi fiye da abin da ɓarawon zai ɗauka.

Na uku shi ne mai rusa gida, ninkawa bayan kowace faɗuwa. Ka fara da 1,000 a dogon akwatin, sai 2,000, sai 4,000. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye 127,000, kuma sai ka ajiye 128,000 a zubi na takwas don ka fita da ribar 1,000. Faɗuwa bakwai a jere a wannan akwati tana zuwa kusan sau ɗaya a cikin 61, ba abin da za a ce sai an shekara ba ne. Kowane tebur kuma yana da iyakar abin da za a iya ajiyewa, don haka ko kana da kuɗin, akwai matakin da za a ce maka ba a karɓa. Galibi ma kafin a kai nan kuɗin ya riga ya daina zama naka, ya koma na adashen mahaifiyarka ko cinikin shagon ubangidanka.