Kafin a Ƙara wa Mota Gas

A Jidda, idan na'urar sanyaya mota ta fara hura iska mai ɗumi a watan Yuli, shawarar da mutum zai ji daga bakin kowa ita ce ya garzaya wurin kanikawa a ƙara masa gas. Haka wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya daɗe yana jigilar mutane tsakanin Jidda da Makka, ya ce mini: "Ɗana, kada ka wahalar da kanka, gas ɗin ne ya ƙare." Ban musa masa ba, amma kuma ban je ba, domin wannan gas ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, a cikin rufaffun bututu yake zagayawa, kuma ba ya raguwa sai idan akwai inda yake yoyo.

Halin motar ne ya sa ni shakka. Idan ina gudu a babban titin Haramain sanyi yakan zo yadda ake so, amma da zarar danja ta tsayar da ni, ko cunkoso ya rutsa da ni a titin Falasɗinu, sai iskar ta yi ɗumi. Kwamfiresa yana matse gas ɗin har ya yi zafi sosai, sannan ya tura shi zuwa kwandensa da ke gaban lagireto, inda iskar waje ke huce shi ya koma ruwa. Yayin gudu, iskar hanya ce ke yin wannan aiki, amma a tsaye sai fanka. Saboda haka zargina ya karkata kan fankar.

Na aro ma'aunin matsin gas mai agogo biyu, shuɗi na ɓangaren ƙaramin matsi da ja na ɓangaren babban matsi, bayan na karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, wadda ta nuna nau'in gas ɗin R134a ne, tare da nauyin da motar ke ɗauka. Injin yana kashe, allurai biyun suka tsaya wajen 130 psi (ma'aunin ƙarfin matsi), abin da ya dace da zafin da ya kai digiri 40. Wannan awon bai nuna yawan gas ɗin ba, ya nuna dai bai tsiyaye duka ba. Da na tayar da injin na kunna sanyi, allurar jan agogon ta yi ta hawa har ta wuce 350, sai na ji ƙas, kwamfiresa ya katse kansa. Na ɗauko tiyo na watsa wa kwandensa ruwa, nan take allurar ta gangaro, sanyi kuma ya dawo cikin motar. Fankar kuwa ko motsi ba ta yi ba tun da na fara.

Fiyus ɗinta lafiyarsa ƙalau. Sai na zare rilen fankar, wato ɗan makunnin da ke ba ta wuta, na ga ƙafafunsa sun yi tsatsa mai kore-kore, abin da ba baƙo ba ne a garin da ke shan laimar Bahar Maliya. Rilen hon lambarsu ɗaya, don haka na musanya su, fankar ta tashi da ƙarfinta. Sabon rile bai ci mini fiye da 'yan riyaloli ba. Da a ce an ƙara gas a kan wannan matsala, matsin ne zai ƙaru, kwamfiresa kuma shi zai sha wahalar. Na wanke ƙurar da ta toshe kwandensa da ruwa marar ƙarfi, saboda siraran fikafikan alminiyon suna lanƙwashewa da sauƙi, na kuma sauya matacin iskar da ke bayan akwatin gaban kujerar fasinja.

A bazarar da ta biyo baya sanyin ya ragu a gudu da a tsaye baki ɗaya, wannan karon kuma yoyo ne da gaske. Man kwamfiresa yana tafiya tare da gas, shi ya sa inda ke yoyo yakan tara maiƙo da ƙura. Na ga irin wannan baƙin dabbare a mahaɗar bututu kusa da kwandensa, na shafa ruwan sabulu, sai ga kumfa tana tasowa a hankali. Zoben robar da ke ciki ne ya bushe.

A nan na tsaya, domin buɗe bututu aiki ne da ke buƙatar injin zuƙe tsohon gas, da famfon da zai janye iska da laima na aƙalla rabin sa'a, da sikelin auna sabon gas. Akwai haɗari kuma: R134a yana tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, yana iya ƙona fata ko ya lalata ido, kuma ba a taɓa jona gwangwaninsa a ɓangaren jan agogo. Sababbin motoci da yawa suna amfani da wani sabon nau'in gas, R1234yf, wanda ba a gauraya shi da tsohon. Na kai motar gareji na nuna wa bakanike ainihin mahaɗar, na roƙe shi ya zuba daidai nauyin da takardar bonet ta faɗa, ina tsaye ina kallon sikelin har ya gama.