Ruwan farko a titin jirgi, da abin da ke sa jirgi ya zame gefe

A Jidda sai a yi watanni ba a ga ɗigon ruwa ba, sannan tsakanin Nuwamba da Janairu hadari ya haɗu ya zazzage shi lokaci guda. Kafin nan ƙura ta kwanta a titin sauka, ga baƙin robar da tayoyi ke bari a daidai inda jirage ke dira. Ruwan farko na taɓa su sai wurin ya yi santsi kamar miyar kuɓewa. Haka abin yake a Hartum idan ruwa ya biyo bayan guguwar habub.

Idan ruwan da ya kwanta ya haura milimita 3, taya kan hau bisa ruwan, ta daina taɓa kwalta. Tayar da aka yi wa iska fam 200 takan fara haka a wajen kilomita 235 a awa, wadda kuma ba ta fara juyawa ba tun daga wajen kilomita 200 a awa. Jirgin fasinja kuwa a kusa da wannan gudu yake dira. Shi ya sa ranar ruwa matuƙi ke dira da ɗan ƙarfi da gangan, don taya ta huda ruwan ta kama ƙasa. Alhazan da ke cewa direban bai iya ba, su yi masa uzuri.

Babbar matsalar ita ce iskar gefe. Tana bugun wutsiya, sai hancin jirgi ya karkata ya fuskanci inda take fitowa, gangar jikin kuma na zamewa ɗaya ɓangaren. In an buɗe ribas na inji (wato juya ƙarfin inji ya tura gaba don rage gudu) jirgi na a karkace, wani kaso na ƙarfin ribas ɗin sai ya taya iska jan jirgin zuwa bakin titi. Taka birki da ƙarfi ma ƙara dagula lamarin yake, domin ɗan riƙon da ya rage wa taya ya tafi wajen tsayawa, babu na hana zamiya.

Gyaran yana da wuyar haɗiya, don ya saɓa wa abin da ƙafa ke son yi: a mayar da ribas ƙasa-ƙasa, a saki birki, a daidaita hanci da fedar ƙafa mai sarrafa wutsiya, fiffiken ɓangaren iska na danne. Sai jirgi ya koma layin tsakiya sannan a sake taka birki, a ƙara ribas. Sitiyarin hannu na tayar gaba ba a taɓa shi sai gudu ya ragu sosai.

Wannan duk yana cin titi, don haka lissafin ake yi tun a sama. Tun Nuwamba 2021 filayen jirgi ke ba da rahoton titi da lamba 0 zuwa 6: jiƙaƙƙe 5, mai kwantaccen ruwa 2, kuma lambar na raguwa iyakar iskar gefen da aka yarda a sauka da ita na raguwa. In jirgi bai daidaita ba kafin dira, a sake tashi a zagayo, ko, in a Jidda ne, a karkata zuwa Madina. Da zarar an buɗe ribas, zancen sake tashi ya ƙare.