Godiya ga waɗanda suka tsaya mini lokacin da nake tsare a Saudiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa da abokan arziki na Gombe da kewaye, Allah cikin ikonsa ya dawo da ni gida, alhamdu lillahi. Tun da na sauka, ƙofar gidanmu a Bolari ba ta rabu da takalma ba. Masu barka da arziki sun zo daga Kumo, daga Bajoga, daga Dukku, har da mutanen da ban zaci labarina ya kai gare su ba. Jikin bai gama dawowa ba, ba zan iya bin kowa gida gida ba, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Mutane da yawa sun tambaye ni abin da ya faru, bari in taƙaita. Da bizar aiki na tafi Jidda, direban gida. A can duk baƙon da ke aiki yana ƙarƙashin kafili, wato maigidan da ya ɗauko shi aiki, ta hannunsa ake yi maka iƙama, wato takardar izinin zama, ta hannunsa ake sabunta ta. Gyaran da gwamnatinsu ta yi a watan Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikata damar sauya wurin aiki ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da masu aikin gida ba, kuma direban gida a cikinsu ake lissafa shi. Albashina ya taru, da na matsa da tambaya sai aka kai rahoton hurub a kaina, wai na gudu daga wurin aiki. Fasfona yana hannun kafilina, alhali dokar ƙasar ta hana hakan. A wani shingen bincike aka duba lambar iƙamata, kwamfuta ta nuna hurub, shi ke nan. Shi wannan mutumin na bar shi da Allah, ba don shi na zauna rubutu ba.

Daga ofishin 'yan sanda aka loda mu a mota kamar buhunan masara a Tudun Hatsi, aka kai mu gidan tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a mayar ƙasashensu. Ma'aikatar cikin gidan Saudiyya duk mako takan fitar da adadin waɗanda aka kama kan dokar zama da ta aiki da ta kan iyaka, kuma akwai makonnin da yake haura 20,000. Ina jin irin wannan adadi a da, ban taɓa kawo wa raina cewa kowane ɗaya a ciki yana da uwa da ke jiran wayarsa ba.

Godiyata ta farko bayan ta Ubangiji tana ga wani bawan Allah mutumin Damagaram. Kwanakin farko babu wanda ya san inda nake, an karɓe wayata, a gida an fara tunanin ko haɗari na yi. Shi ne ya ga na kasa cin abinci, ya zauna kusa da ni ya ce, "Ɗan uwa, lambar wa ka haddace?" Lambar Hammana, wato yayana, ce kaɗai a kaina. Ya san hanyar da ake bi a samu kira, ya biya da ɗan abin da ke hannunsa, bai karɓi ko riyal ɗaya daga gare ni ba. Na ji muryar Hamma, na ce ina raye, ina tarhil, layin ya yanke. Wannan ɗan gajeren kira shi ya mayar wa mahaifiyata Dada barcinta. Ya riga ni fita, ban samu na yi masa sallama yadda ya kamata ba. In wani ɗan Nijar ya karanta wannan ya gane shi, don Allah ya isar masa cewa ɗan Gombe bai manta ba.

Zan ɗan tsaya a kan yadda zaman yake, domin iyalai da yawa a garin nan suna da nasu a ciki kuma ba su san halin da suke ba. Babban ɗaki ne da ake kira ambar, gadajen ƙarfe sama da ƙasa, bargo, na'urar sanyi tana aiki dare da rana har sanyin ya shiga ƙashi. Fitila ba ta mutuwa. Rana ba ka ganinta sosai, da kiran salla da zuwan abinci muke gane lokaci. Da safe gurasa da wake ko adas da shayi, da rana shinkafa da ɗan yankin kaza, da dare abin da ya samu. Ba yunwa ce ta fi cin mutum ba. Wanda alƙali ya yanke wa shekara biyu ya san ranar fitarsa, kullum yana rage ɗaya. Mu babu wanda ya yanke mana komai. Jira kake a ɗauki basma, wato hoton yatsu, a duba ko akwai ƙara ko tara a kanka. Jira kake jami'an ƙasarku su zo su tabbatar kai nasu ne, su yi maka takardar tafiya ta gaggawa tunda babu fasfo. Sannan ka jira jirgi. Kowane mataki yana iya ɗaukar mako, yana iya ɗaukar watanni, kuma babu mai gaya maka.

Saboda haka duk rayuwar ambar ta rataya ne a kan ƙarar ƙofa. Da an ji makulli, ɗaki ya yi tsit, jami'i ya shigo da takarda ya fara kiran sunaye. Wanda aka kira ya yi sujada, ya raba wa na kusa da shi bargo da sabulu da silifa. Wanda ba a kira ba ya koma gado ya juya fuska bango. Jita-jita kuwa ba ta ƙarewa: jirgin Kano zai zo Alhamis, an ce Sarki zai yi afuwa da azumi, an ce an ɗage. Na ga magidanta masu furfura suna kuka a ɓoye bayan an gama kiran suna. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sanin cewa tsakanin Jidda da Makka bai kai kilomita 100 ba, Ɗakin Allah yana nan kusa, amma sai dai ka fuskance shi ta bayan bango.

A nan ne zan gode wa Malam, wani dattijo mutumin Katsina da ya daɗe a Makka. Shi ya tsara mana yini. Bayan asuba karatu, kowa daga inda ya tsaya, wanda bai iya ba ya fara daga Fatiha babu jin kunya. Da hantsi a share ɗaki, a wanke banɗaki bi da bi. Bayan la'asar ya tilasta mana zagaya ambar da ƙafa, ya ce kwanciya ita ke kawo mugun tunani. Shi ne tafintanmu wurin jami'ai, shi ke raba faɗa, domin inda aka tara maza cikin ƙunci, kan layin ruwa ma sai a kai wa juna hannu. Da dare bayan isha a zauna hira, kowa ya ba da labarin garinsu. Na ba su labarin Dadin Kowa da kifinta har wasu suka yi alkawarin zuwa. Malam, Allah ya saka maka da Aljanna, yadda ka riƙe mu Allah ya riƙe zuriyarka.

Akwai kuma wani ɗan uwa Kirista daga kudu, makaniki, gadonsa yana ƙarƙashin nawa. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya bar mini gadon ƙasa, shi ya riƙa jiƙa tsumma yana ɗora mini a goshi, shi ya dinga buga ƙofa har aka kai ni wurin likita. Hausarsa kaɗan ce, Turancina kaɗan ne, amma mun fahimci juna. Na gode, ɗan uwana.

Mutane suna zaton duk wanda ke ciki ɗokin gida yake yi. Gaskiya zuciya biyu ce. Kana son fita kamar me, kana kuma tsoron ranar. Yawancinmu gona aka sayar, ko Keke Napep, ko kayan ɗakin mata, ko bashi aka ci aka biya dillali. Ga shi za ka sauka da kayan jikinka da leda, kuma wanda aka yi wa basma aka fitar, ƙofar komawa aiki ta rufe masa. Tambayar da ke hana barci ita ce, da wane ido zan kalli mutane? Na san waɗanda suka ce in sun sauka a Kano ba za su ƙarasa garinsu ba sai sun nemi wani abu.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne samarin da aka haifa a can, 'ya'yan Takari, jikokin waɗanda suka je aikin Hajji tun zamanin da suka zauna. Haihuwa a Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa. Wasunsu ba su da takardar ko'ina, Larabci ya fi zama a bakinsu, an ce musu asalinsu Kano ne ko Borno amma ba su san unguwa ba, ba su san dangi ba. Su ne ke daɗewa, don tabbatar da ƙasarsu yana da wuya. Wani yaro a cikinsu ya riƙa tambayata yadda Nijeriya take, ko akwai aiki, ko za a yi masa dariya saboda Hausarsa. Ina roƙon duk wanda ya haɗu da irinsu a tasha ko a masallaci ya ja su a jiki.

Na gode wa jami'an ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya na Jidda da suka shigo suka yi mana tambayoyi suka ba mu takarda, da ma'aikatan da suka tarbe mu a filin jirgin Malam Aminu Kano. Na gode wa direban da ya ɗauko ni daga Kano, ya ji labarina tun kafin mu kai Darazo, da muka iso ya ƙi karɓar kuɗin mota.

Dada, ban san da wane baki zan gode miki ba. An gaya mini azumin Litinin da Alhamis da kika riƙa yi duk da jikinki. Hamma, ka ɗauki gidana ka haɗa da naka, ka biya kuɗin makarantar yara, ka yi ta zirga-zirga Abuja da takardu, ba ka taɓa bari na ji nauyin a muryarka ba. Adda da Goggo, na ji yadda kuka riƙa kwana a gidana bi da bi. Uwargida, ke kika ji maganganun mutane, masu cewa wani mugun abu na aikata, kika haɗiye, kika ci gaba da sana'ar ƙosai da kunu kina rufa mana asiri. Allah ya ba ni ikon saka miki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da bashi na tafi. Alhajin da ya ba ni rancen ya aiko tun ina tsare cewa kada a ɗaga wa iyalina hankali, da na dawo kuma ya zo da kansa ya ce in huta tukuna, maganar kuɗi sai na tsaya da ƙafata. Ba ya son a ambace shi, amma Allah ya san shi. Haka liman da jama'ar masallacin unguwarmu da suka sa ni a addu'a, da abokan majalisar hirarmu da suka yi karo-karo, da 'yan uwana direbobi da suka ce mota tana jirana duk ranar da na shirya. Har da ku da kuka yi ta yaɗa sanarwa a Facebook da WhatsApp ba ku taɓa ganina ba.

Na fito da lambobin waya a rubuce a jikin kwalin shayi, na iyalan waɗanda na bari a ciki. Na kira yawancinsu, saura kaɗan da ba sa shiga, ina ci gaba da gwadawa. Duk wanda nasa ya yi shiru a Saudiyya, ya same ni a gida bayan la'asar, ya zo da cikakken sunan da ke fasfo da lambar iƙama in akwai, zan gaya masa abin da na sani da ofishin da ya kamata ya fara tuntuɓa. Ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah ya kai mu, za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida, don godiya da kuma roƙa wa waɗanda ke ciki mafita. Kowa da kowa muna gayyata. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya fito da su lafiya, amin.