Gadaje na nan, ma'aikata babu

An rufe ɓangare guda a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, nan kusa da birnin Inverness a arewacin Sikotilan. Gadaje a gyare, masu jiran gurbi sun yi layi, amma ma'aikata babu. Matasan garin sun gangara Gilasgo da Edinbura.

Abin da ke ɗaure min kai, gwamnatin Sikotilan ce ke riƙe da harkar lafiya da kula da tsofaffi, amma wa zai shigo ƙasar ya yi aikin, wannan sai abin da Landan ta ce. A 2020 gwamnatin Sikotilan ta nemi bizarta ta daban, Landan ta ƙi. A Maris 2024 aka hana sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi daga waje taho da iyali, a Yuli 2025 aka rufe ɗauko masu wannan aiki daga waje. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan biyar da rabi sosai ba, mutuwa ta fi haihuwa yawa!

Wata baba da nake taje wa gashi kullum da safe ta ce a ƙuri'ar raba gardama ta 2014 kan 'yancin Sikotilan, zama cikin Birtaniya ta zaɓa, kuma har gobe ba ta son ɓallewa. Ni dai a ganina, ko ba a raba gari ba, a sakar wa Sikotilan ragamar biza. Daren yau ma mu biyu ne a kan bene guda.