Hanyar ruwan unguwarmu

Ruwan daren jiya ya shiga zaurukanmu, don haka yau da sassafe samarin layinmu a cikin birnin Kano muka fito aikin gayya da shebur da baro, muna yashe kwata. Muna cikin kwasar leda da yashi sai ga wani dattijo ya dogaro sandarsa ya tsaya a kanmu. Ya nuna jerin shagunan bakin layi ya ce, "Samari, sannunku da aiki, amma ba a nan matsalar take ba. Wurin nan a da kududdufi ne. Nan kakanninku suka haƙi ƙasar da suka gina gidajen nan, ramin ya zama masaukin ruwan unguwa, in ya cika ya gangara rafin Jakara." Sai ya sunkuya, ya zana mana da bakin sanda a jiƙaƙƙiyar ƙasa yadda ruwa yake bi tun yana yaro, lungu bayan lungu, har inda bulo ya tare shi.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Shekara nawa muna yashe kwatar nan duk damina, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce, "Baba, ina ruwan yake bi da?" Mun shirya bayan La'asar mu raka shi wurin mai unguwa, kafin a yanka ragowar filin bayan masallaci. Na ɗauki hoton zanen a waya kafin a tattake shi. Tun ɗazu nake lissafin dattawan da suka rage a layinmu masu irin wannan sanin, ban kai biyar ba.