Gidaje Biyu a New Canaan, Ranar Laraba

Laraba, tsakiyar Nuwamba.

Aikin yau duban gidaje biyu ne a New Canaan, jihar Connecticut, saboda wani iyali da ke son barin haya a New York su sayi nasu. Maigidan a Manhattan yake aiki, shi ya sa suka zaɓi garin: jirgin ƙasa na Metro-North yana tashi daga tsakiyar gari zuwa tashar Grand Central cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Layin reshe ne, mil takwas zuwa Stamford, kuma idan ba safiya ko yamma ba ce, yawanci sai an sauya jirgi a can. Na ce musu su je ofishin gari su tambayi maganar izinin ajiye mota a tasha tun kafin su biya kafin alƙalami, domin gidan da ke nesa da tasha bai da amfanin jirgi idan babu inda za a bar mota.

Gida na farko ginin 1956 ne, irin na zamanin da ya sa sunan garin ya fita duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne masu zanen gine-gine Marcel Breuer, Philip Johnson, Eliot Noyes, John Johansen da Landis Gores, waɗanda ake kira biyar ɗin Harvard, suka zauna a nan suka shiga gina gidaje masu shimfiɗaɗɗen rufi da bangon gilashi. Gidan gilashin Johnson na 1949 yana nan, an buɗe shi ga masu ziyara tun 2007. Wanda muka duba ba na ɗaya daga cikinsu ba ne, amma tsarin ɗaya ne: hawa ɗaya, ginshiƙan katako a bayyane, daɓen kankare kai tsaye a kan ƙasa, babu ɗakin ƙarƙashi. Hasken da ke shiga falon da ƙarfe tara na safe ya isa ya sa mutum ya manta da tambayar komai. Ni ma ina son irin gidajen nan ƙwarai, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da aka rushe ɗaya don a kafa ƙaton gida a filinsa. Saboda haka ma nake tsananta musu bincike, don wanda ya saya bai san abin da ke jiransa ba shi ne yake ƙarewa da sayar wa mai rushewa.

Da rufi na fara. An yi ruwa ranar Lahadi, yau kwana uku, amma akwai ruwa kwance a kusurwar arewa, zurfinsa ya kusa inci ɗaya. Ƙa'idar masu rufi ita ce ruwan da ya wuce awa 48 bai tafi ba matsala ne. Rufin da ake ce wa shimfiɗaɗɗe dole ya kasance da gangare, aƙalla kwatan inci a kowace ƙafa, zuwa mazurarin ruwa. Inci ɗaya na ruwa yana ɗora kilo 25 a kan kowace murabba'in mita. Nauyin ya lotsa katakon, lotsawar ta tara ƙarin ruwa, haka abin yake ci gaba. Idan sanyi ya shigo ruwan ya daskare, sai ya buɗe haɗin robar da aka shimfiɗa a rufin. Asalin rufin kwalta ne da tsakuwa, daga baya aka shimfiɗa baƙar roba a kai ba tare da an kankare na ƙasa ba. Irin wannan robar tana kai shekara 20 zuwa 30, kuma takardun mai gidan sun nuna ta wuce 20. Mazurari biyu na tsakiyar rufin duk ganyen itatuwa ya toshe su. Wanda ya taso a gidan soro ya san wannan aiki: kafin damina a hau sama, a share indararo, a toshe tsaga. A nan ma haka ne, sau biyu a shekara, musamman yanzu da ganye ya gama zuba. Da na taka gefen tagar sama, sai na ji ƙasan ya yi laushi. Na'urar auna danshi ta tabbatar da cewa abin da ke ƙarƙashin robar ya sha ruwa. Gyaran gaskiya shi ne a cire duka biyun har katako, a canza allunan da suka ruɓe, a sa allon kare sanyi mai gangare, sannan sabuwar roba.

Abu na biyu, wanda ya fi rufin tayar mini da hankali, shi ne dumama. A waɗannan gidaje ana binne bututan tagulla ko na ƙarfe a cikin daɓen, ruwan zafi daga tukunyar dumama ya riƙa zagayawa, ɗumi ya taso daga ƙasa. Babu dumamar da ta kai ta daɗi. Amma bututun da ya yi kusan shekara 70 a cikin kankare yana iya hudewa, kuma ruwan ƙasa yake bi, ba a ganinsa. Abin da ke ɓoye yoyon shi ne wani ɗan famfo da ke ƙara wa tukunyar ruwa da kansa duk lokacin da matsin ya ragu. Saboda haka gwajin shi ne: a kashe wuta, a bar tukunyar ta huce, a rufe wannan famfon, a rubuta abin da ma'aunin matsi ya nuna, wanda a gida mai hawa ɗaya yakan tsaya tsakanin 12 da 15, a dawo daga baya a duba. Na rufe da ƙarfe goma yana kan 14. Da la'asar ya sauko 9. Kafin a kashe wutar na bi daɓen da kyamarar da ke ganin zafi: layukan bututun sun fito tsaf, amma a ɗakin kwana na ƙarshe layin ya bazu ya zama wani babban tabo mai ɗumi. Wurin yoyon ke nan. Ana iya fasa daɓen a like wurin, sai dai bututun da ya huje a wuri ɗaya shekarunsa ɗaya da sauran. Barin tsarin gaba ɗaya kuma ba sauƙi, domin babu ɗakin ƙasa ko sararin silin da za a bi da sababbin bututan iska. Yawanci sai dai a kafa na'urorin dumama da sanyaya na jikin bango, ɗaki ɗaki.

Uwargidan ta tsaya gaban gilashin falon ta ce, "Malam, wannan dai ba abin da ya same shi ko?" Na ce, "Hajiya, bai fashe ba, amma falle ɗaya ne." An gina gidan lokacin da man dumama yake da arha, kafin tsadar mai ta 1973. Gilashi mai falle ɗaya yana zubar da zafi ninki biyu ko fiye na mai falle biyu, kuma da sanyi gumi yake yi, ruwan ya gangaro ya ci ƙasan firam ɗin. Na soka sukudireba a ƙasan firam uku, biyu suka nutse. Ga kuma wata magana ga mai ƙananan yara: sai 1977 dokar tarayya ta wajabta gilashi mai aminci a ƙofofi, don haka na da idan ya fashe manyan ɓarɓashi masu kaifi yake yi. A duba kusurwar kowane falle, mai aminci yana da ɗan tambari. Waɗannan ba su da shi. Girmansu kuma ba na kasuwa ba ne, sai an yi oda.

Tayal ɗin ɗakin wanki masu inci tara a kowane gefe ne, alamar suna ɗauke da asbestos (wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu), su da baƙin gam ɗin da ke ƙarƙashinsu. Muddin ba a fasa ko an goge su da inji ba, ba sa cutarwa, amma duk wanda zai tona daɓen nan dole a gwada tukuna. Na ajiye na'urar auna radon, wata iska mai cutarwa da ke tasowa daga ƙasa ta taru cikin gida, za ta yi awa 48 da tagogi a rufe. Gundumar Fairfield, inda New Canaan take, tana cikin yankunan da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a sahun farko na wannan iska, kuma idan awon na'urar ya kai maki 4 ana son a yi gyara. Gyaran huda daɓe ne a sa bututu da fanka, wanda a wannan gidan sai an zana inda bututan ruwan zafi suka bi kafin a taɓa.

A waje, bayan gareji, na ga wani guntun bututu ya leƙo daga ciyawa. Gidan yanzu tankin mansa na cikin gareji, mai galan 275, amma wannan bututun numfashin tsohon tanki ne da aka binne, irin masu galan 550 ko 1,000. Babu takardar cire shi a cikin fayil. Tankin ƙarfe a ƙasa yana tsatsa, idan ya yi yoyo kuma kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a kan mai gida yake, yawancin inshorar gida ba ta biya. Shawarata a nan ba ta da sassauci: mai sayarwa ya tono shi, a gwada ƙasar, a kawo takarda, kafin ranar sa hannu.

Gida na biyu, bayan azahar, na gargajiya ne, farin gidan katako mai hawa biyu da rufi mai tudu, ginin shekarun 1930, kusa da tsakiyar gari. Shi matsalolinsa a fili suke, domin yana da ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ganin komai. Harsashin duwatsu ne, da farin gishiri a jikin bangon gabas, alamar ruwa yana ratsowa; dalilin kuwa bututun indararo ne da ke zubarwa a gindin bango maimakon a janye shi ƙafa biyar ko shida. Gyara ne mai arha. Na bi katakon da ke kwance a kan harsashin ina sokawa, mai ƙarfi ne, ban ga hanyar gara ba. Bututan ruwan sha na tsohon ƙarfe ne masu tsatsa daga ciki: da na buɗe famfon wanka da na wanke hannu a sama lokaci guda, ruwan ya koma siriri. A saman silin na tarar da ragowar tsofaffin wayoyi masu tafiya ɗaiɗai a kan 'yan kwalaben tangaran, kuma akwai wuta a jikinsu. Kamfanonin inshora da yawa ba sa karɓar gida da irin wannan waya, banki kuma ba ya ba da bashin gida babu inshora. Akwatin wutar na amfiya 100 ne. Mai son cajin mota da sanyaya ɗakuna zai buƙaci 200. Bututun hayaƙi sai an zura kyamara, ido daga ƙasa ba ya ganin tsagar ciki.

Fentin dalma ya shafi gidajen biyu, tunda duk kafin 1978 aka gina su, amma ya fi hatsari a na biyu saboda tagogin katako masu zugewa sama da ƙasa suna goge fentin ya zama ƙura a inda yara ke dafawa. Dokar tarayya ta ba mai saye kwana 10 ya yi wannan gwajin. Na roƙe su kada su yafe shi don kawai tayinsu ya fi na wasu kyau.

Bambanci ɗaya babba: gidan gargajiyar yana kan ruwan famfo da magudanar gari, na zamanin kuwa, da yake a gefen gari yake kan fili mai eka biyu, rijiyar burtsatse da sokawe yake da su. Rijiyar ana gwada yawan ruwan da take bayarwa a minti, da ƙwayoyin cuta, da ma'adinai masu guba, arsenik da yuraniyam, waɗanda ake samu a duwatsun jihar. Sokawen kuma da yawan ɗakunan kwana aka auna shi. An yi shi don ɗaki uku, su kuma suna son ƙara na huɗu, kuma ofishin lafiya na gari ba zai amince ba sai an nuna akwai fili mai kyau da zai ɗauki sabon tsari.

Da yamma maigidan ya ce, "To Malam, wanne za mu ɗauka?" Na ce, "Alhaji, zaɓi naku ne, amma ga lissafi." Gyaran gidan gargajiyar yana rarrabuwa: waya bana, bututu baɗi, kuma kowane ma'aikaci a yankin ya san aikin. Na zamanin kuwa rufi, dumama da tanki duk a shekarar farko suke, kuma ba kowane magini ya iya taɓa shi ba tare da ɓata shi ba. Idan zuciyarsu tana kansa, wanda na fahimta, to kada su karɓi ragin baki. Su samo ƙiyasi a rubuce daga mai rufi da mai aikin dumama, lauyansu ya sa adadin a cikin kwantiragi. A Connecticut lauya ne ke kammala cinikin gida, kuma takardun fili a ofishin magatakardan gari suke, ba na gunduma ba. A can zai duba ko akwai yarjejeniyar kare tarihi da ta hana canza fuskar ginin, da ko ɗakin da aka ƙara a baya yana da izini. Haraji kuma ana lissafa shi a kan kashi 70 cikin 100 na darajar gida, ana sake kimantawa duk shekara biyar, don haka abin da mai gidan yake biya yau ba lallai shi za su biya ba.

Gobe da safe mai na'urar gano ƙarfe zai zo ya bi bayan garejin, mai yashe sokawe kuma da rana, a buɗe murfin a ga matakin ruwa kafin a zuƙe. Na'urar radon sai Juma'a da ƙarfe sha ɗaya za a ɗauke ta, kuma wa'adin janyewa daga ciniki saboda sakamakon bincike ranar Litinin yake cika.